Wanda Ya Tsare Kifi Ya Ɗauki Aikin Kogi

 A wannan mako za mu duba wata al'ada da ake gani a wasu gidajen masu hali a Barnawa da Narayi da sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna, watau gina ɗan tafkin siminti a tsakar gida a zuba kifayen ado. Galibi jan kifi ne wanda asalinsa daga ƙasar Sin, ko kuwa mai rodi-rodi da ake kira koi, wanda mutanen Japan suka shahara da kiwonsa. Tambayar ita ce, mene ne ke wuyan mutumin da ya yi wannan?

Game da halacci malamai ba su tsananta ba. Sun kafa hujja da labarin yaron nan Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Maliku, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya sani bai hana ba. Amma Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. In aka haɗa ruwayoyin biyu sai a ga tsarewa ta halatta, da sharaɗin mai tsarewa ya biya wa dabbar duk abin da ya raba ta da shi.

To, me aka raba kifi da shi? An raba shi da kogi. Kogin Kaduna yana tasowa daga tsaunukan Jos yana gudana har ya faɗa kogin Kwara, kullum yana kwashe ƙazanta yana kawo sabon ruwa da iska, kifin cikinsa bai san ana yi masa wannan hidima ba. Tafkin tsakar gida kuwa ruwa ne tsayayye, a cikinsa kifi zai ci, a cikinsa zai yi bayan gida, a cikinsa zai yi numfashi. Ran da maigida ya zuba kifi a ciki, ran nan aikin kogi ya komo kansa, kuma matatar ruwa ita ce hannun da zai yi aikin da shi.

Ya kamata mai karatu ya san matata aiki biyu take yi. Na farko shi ne wanda ido ke gani: inji ya turo ruwa ya bi ta cikin soso da tsakuwa, su tare kashi da ganye da ragowar abinci. Na biyu ɓoyayye ne, shi ne kuwa babba. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, wadda ba ta da launi, soso kuma ba ya tare ta. Waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta ne, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu, suke zama a jikin tsakuwar su juya amoniya ta koma naitirayit, wadda ita ma guba ce, sa'an nan waɗansu su juya ta ta koma naitiret, mai sauƙin cuta, wadda tsiro ke sha kamar taki. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa a sabuwar matata. Saboda haka mai gaggawa da ya cika sabon tafki da kifi rana ɗaya yakan wayi gari ya tarar da su sun juya ciki sama, alhali ruwa garau, ya ce sammu ne ko kambun baka. Ruwa dai ba ya tsami banza.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya sun ce ruwan da gansakuka ta juya launinsa ana alwala da shi, don daga jikinsa ta tsiro. Haka kuma sau da yawa koren ruwa ba ya cutar da kifi, fari tas kuma ya kashe shi. Wanda ya auna lafiyar tafkinsa da abin da zai burge baƙo, haƙƙin idonsa ya biya, na kifin yana nan a wuyansa. Wannan shi ne bambancin ado da amana.

Amanar kuwa tana da ƙa'idodi. Inji ba ya hutawa dare da rana, domin ƙwayoyin nan da iska suke rayuwa, in ruwa ya tsaya sa'o'i da yawa sai su fara mutuwa. A garin da ake ɗauke wuta, lalle mutum ya tanadi batir ko farantin hasken rana tun kafin ya sayi kifi, balle a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke rage iskar da ke cikin ruwa. Ba a wanke soso da ruwan famfo mai maganin kulorin, sai da ruwan tafkin kansa. Ba a kwashe ruwa duka, sai wajen kashi 1 cikin 10 ko cikin 5 a mako. Ba a kuma cika abinci, don abin da kifi ya bari shi ne ke ruɓewa. Koi yakan yi shekara 20 ko fiye, ashe wanda ya saye shi doguwar ɗawainiya ya sayo.

Wani zai ce, ashe ba almubazzaranci ba ne a kashe wannan kuɗi a kan kifi, alhali maƙwabci daga mai garuwa yake sayen ruwan sha? Maganarsa tana da nauyi, kuma duk wanda kifinsa ke iyo cikin yalwa maƙwabcinsa na neman na girki, ya binciki zuciyarsa. Sai dai a sani, tafki marar matata shi ya fi cin ruwa, don dole a riƙa zubar da shi kaf ana cikawa. Wanda ba zai iya ɗaukar haƙƙin kifi da na maƙwabci gaba ɗaya ba, ya bar kifin, babu wanda ya wajabta masa.

Saura haƙƙi na ƙarshe. Matata ba ta ɓatar da ƙazanta, tara ta take yi, sai ranar wanki a ga inda maigida zai kai ta. Mutanen Kakuri da Makera sun san wannan darasi. Tun daga 1957, da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri, masana'antu suka yi ta ƙaruwa, aka yi shekaru ruwan rini da na magunguna suna bin magudanar Makera suna shiga kogi, na gangare su ne suka sha wahalarsa. Yawancin masaƙun sun rufe bayan shekarar 2000, amma halin yana iya komowa cikin ƙaramin gida. Mai tafkin ado ko mai kiwon tarwaɗa da ya saki baƙin ruwa a lungu, ya kwanta a ƙofar mutane yana wari yana tara sauro, ya tsabtace gidansa ne da cutar da wasu. Ga shi kuwa ruwan nan taki ne, in aka ba gwanda ko ayaba ko zogale sai su yi kyau.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka kira magini ka tambayi kanka abu 3: wa zai kula da injin in ba ka nan, me zai tafiyar da shi in an ɗauke wuta, ina kuma ƙazantar za ta tafi? In kana da amsa, gina tafkinka ka yi kallon ikon Allah a cikinsa. In babu, kogi yana nan kusa, kifinsa kuma ba ya wuyan kowa. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.