A Bari Ya Huce Shi Ke Kawo Rabon Wani

Daga bakin akushi aka ɗauko wannan karin magana. An sauke tuwo, an kawo wa maigida yana tururi, ya taɓa ya ji zafi, ya ce a ajiye ya ɗan sha iska. Kafin ya waiwayo sai ga sallama a zaure, kuma a ƙasar Hausa ba a cin abinci baƙo na kallo. Tuwon mutum ɗaya ya koma na mutum uku. Ba rowa magabata ke koyarwa a nan ba. Abin da suka hango shi ne, dama ba ta zama a inda aka ajiye ta, kuma wanda ya sake ta yakan sake ta ne da wani dalili mai daɗin ji. Maigidan bai ce ba ya son tuwo ba, bai kuma ce ya ƙoshi ba. Zafi kawai ya guda.

A nan hikimar take. Mun saba jingina jinkiri ga lalaci, alhali yawancin masu jan ƙafa ba malalata ba ne. Je ka Getso ko Kutama ko Lakwaya a ƙasar Gwarzo, ko Garo da Gude a ƙasar Kabo, za ka tarar da manomin da ke kama fartanya tun bayan asuba har rana ta take, amma akwai wani aiki guda da yake ta kewayawa tun bara: bashin da bai je ya yi magana a kansa ba, rabon gadon gona da aka bari sai bayan girbi, katangar da ta tsage tun daminar da ta wuce. Ƙarfin yin su yana da shi. Abin da ke hana shi shi ne abin da yake ji a ransa duk lokacin da ya tuna da su, ko kunya, ko fargaba, ko gudun ɓacin rai. Da ya ce "sai gobe", sai ya ji sanyi a zuciya, kuma wannan ɗan sanyin ne ke sa gobe ma ya sake faɗin haka.

Masana halayyar ɗan'adam sun iso inda karin maganar ta daɗe da zuwa. A 2007, Piers Steel na Jami'ar Calgary da ke Kanada ya tattara ɗaruruwan nazarce-nazarce a kan jinkiri, ya ga abubuwan da suka fi jawo shi su ne aiki ya zama marar daɗi, sakamakonsa ya yi nisa, mutum ya riƙa shakkar iyawarsa, sannan ya kasance mai saurin bin abin da ya gifta masa. A 2013 kuma Fuschia Sirois da Timothy Pychyl suka bayyana cewa mai jinkiri yana sayen kwanciyar ran yanzu ne, ya bar wa kansa na gobe biyan kuɗin. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin, domin a da in mutum zai guje wa aiki sai ya tashi ya tafi majalisa, yanzu kuwa majalisar na cikin aljihunsa.

Gona ce makarantar da ta fi koyar da wannan darasi, don ita ba ta karɓar uzuri. Damina a yammacin Kano 'yan watanni ce, daga wajen Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Wanda bai yi sharar gona ya kai taki tun bazara ba, ruwan shuka zai same shi yana neman amalanke. Wanda ya bar noman firi ya wuce lokacinsa, ciyawa ta riga ta ci rabon dawarsa, kuma ranar da ya tashi neman 'yan ƙwadago kowa na nemansu, kuɗinsu ya hau. Takin zamani ma haka: wanda aka zuba wa masara bayan ta wuce lokacin buƙatarsa, asarar kuɗi ce kawai. Tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 tana da sauƙin magani tana ƙarama, amma in ta girma ta shige cikin zuciyar shuka, feshi ba ya isa gare ta sosai. Bayan girbi, waken da aka jibge a ɗaki ana cewa za a sayo buhun adana shi ranar kasuwa mai zuwa, ƙwaro ne ke gadonsa. Masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Guzuguzu sun san tumatirin da bai samu sanyin hunturu ba, zafin Maris da Afrilu kan zubar masa da fure. A duk waɗannan ba wanda ya ƙwace wa manomi komai. Ciyawa da tsutsa da ƙwaro su ne baƙin da suka yi sallama, suka tarar an bari ya huce.

Harkar takardu ma ba ta tsira ba. A Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Aka yi ta ƙara wa'adi, har a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya. Gaskiya ne wuraren rajista sun yi wa mutanen karkara kaɗan, kuma wannan ba laifin talaka ba ne. Amma akwai da yawa da suka wuce ta gaban wurin rajistar lokacin da ba layi, suka ce ai za a ƙara lokaci. Hukumar da ke yawan ɗage wa'adi tana koya wa jama'a jan ƙafa, jama'a kuma su koya wa 'ya'yansu. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta wannan lamba ga mai son rubuta jarrabawarta. Yanzu ga babbar makarantar gwamnatin tarayya a Kabo, karatu ya zo ƙofar gida, amma gurbin karatu ba ya jiran ɗan gari don shi ɗan gari ne. Yaron da ya bar gyaran suna ko na ranar haihuwa sai makon rufe rajista, shekara guda zai biya.

Wani zai ce ai Bahaushen ne ya ce gaggawa aikin shaiɗan, ya ce wani jinkirin alheri ne, ya ce sauri ya haifi nawa. Duk gaskiya ne, kuma ba sa karo da juna. Manomin da ya ƙi shuka da yayyafin farko don ƙasa ba ta jiƙa ba, ya san abin da yake jira, kuma zai gane shi in ya zo. Mai fushi da ya kwana bai yanke hukunci a kan iyalinsa ba ya kyauta. Ma'aunin mai sauƙi ne: tambayi kanka, me nake jira, kuma yaushe zai zo? In akwai amsa, haƙuri kake yi. In babu, zaman jiran gawon shanu ne. Haka nan masu fakewa da cewa gobe ta Allah ce sun juya maganar. Tunda goben ba a hannunka take ba, da wane dalili za ka ɗora mata aikin yau? Malamai kullum suna tunatar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga kasala da gajiyawa, kuma tawakkali na zuwa ne bayan an yi abin da ya kamata.

Maganin ma yana cikin akushin. Tuwo mai zafi daga gefe ake gutsurarsa. Kada ka ce yau zan gama rabon gado; ka ce yau zan je gidan Baffa mu sa ranar zama. Kada ɗalibi ya ce zan karance littafi. Ya ce shafi biyu kafin azahar. Farawa ce ke da nauyi, kuma galibi da an soma sai a ga abin bai kai yadda ake tsoro ba.

Sannan a sa wa aiki rana da wuri. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wurin da zai yi abu ya fi mai niyya kawai cika shi. Mu kuwa an sawwaƙe mana, don salloli biyar sun riga sun yanka mana yini. "Zan je asibiti" magana ce. "Ranar Litinin bayan sallar asuba zan hau mota zuwa babban asibitin Gwarzo a auna mini jini" alkawari ne.

Kuma a sa ido na biyu. Kakanninmu sun san mutum na iya saɓa wa kansa, amma yana jin nauyin saɓa wa jama'a, shi ya sa suka ƙirƙiro gayya da adashi. Wanda ya kira gayya ranar Asabar ba shi da halin cewa jikinsa ya yi sanyi, matar da ke zubi kuma ba ta ce wa uwar adashi sai wani mako. Faɗa wa aboki ko yaya abin da ka ƙudurta da ranar da ka sa, ka ba shi izinin ya tambaye ka. Wanda kuma jinkiri ya riga ya yi wa ɓarna, kada ya tsaya cizon yatsa, domin kunyar jiya ce ke haifar da jinkirin yau.

Mai karatu, ka san aikin da kake kewayawa, ba sai an faɗa maka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa masa rana kafin ka kwanta, ka sanar da wani, in Allah ya kai mu ka fara da shi kafin komai.