Man Leɓe Mai Ƙamshi: Hukuncinsa Ga Mai Alwala, Mai Azumi, Mahajjaci Da Mai Takaba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam cikin kyakkyawar sura. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙasar Yauri ya san yadda iskar ɗari take yi wa fatar mutum. Tun daga shekarar 1968 da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya shanye gungu masu yawa, mutanensu suka koma bakin gaɓa, tafkin kuwa ya yi faɗin da babu abin da ke tare iska a kansa. Masunta, Sarkawa da Gungawa, waɗanda ke tura jirgi tun kafin alfijir, da 'yan fito, da manoman albasa, da matan da ke ƙyafe kifi a Yelwa da Wara da ƙauyukan Shanga, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu da wuya a ga wanda leɓensa bai yi kaushi ba, wani ma har ya tsage yana jini.

Dalilin haka sananne ne ga likitoci. Fatar leɓe siririya ce, kuma ba ta fid da maiƙo kamar sauran fatar jiki, don haka ita ce ke fara bushewa. Lasar leɓe kuwa ƙara lalata shi take yi, domin miyau na bushewa nan da nan, ya tafi da ɗan danshin da ya rage. Kakanni sun yi maganin wannan da man kaɗe, tun da kaɗanya ba ta yi ƙaranci a wannan yanki ba. Daga baya basilin ya shigo. Yanzu kuma ga wani ɗan mai a cikin ƙaramin bututu ko gwangwani, mai ƙamshin lemo ko na'ana'a ko alewa, ya cika teburan 'yan koli, yara da manya suna saye. To, daga nan ne tambaya ta taso: mene ne matsayin wannan abu a Shari'a?

ASALIN HUKUNCI

Asalinsa halal ne. Jikin mutum amana ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da hakki a kansa. Ya inganta cewa Annabi yana son turare, ba ya mayar da shi idan an ba shi, kuma ya kwaɗaitar da maza su yi wanka, su shafa mai da turare ranar Juma'a. Malaman wannan ƙasa ma ba su raina sha'anin lafiya ba, gama Malam Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi wallafa a kan magani da kula da jiki. Saboda haka namijin da ya shafa wa leɓensa mai don kada ya tsage bai yi abin kunya ba, muddin man ba mai launi ba ne irin jan bakin mata.

Galibin abin da ake haɗa irin wannan mai da shi, watau basilin, da kakin zuma, da man kaɗe, da maiƙon da ake tacewa daga gashin tumaki, duka masu tsarki ne. Idan ya tabbata wani yana ɗauke da kitsen alade, wajibi ne a bar shi, amma ba a gina haramci a kan jita-jitar kasuwa. Mai hankali sai ya duba rubutun da ke jikinsa, da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don sa ido a kan abinci da magunguna da kayan shafe-shafe, ko ya sa wanda ya iya karatu ya duba masa.

Sai dai halal ɗin nan yana da wurare huɗu da Musulmi zai yi hattara, domin kuwa a cikinsu ne ƙaramin abu ke iya taɓa babbar ibada.

NA FARKO: ALWALA

Mutane da yawa suna ɗaukar leɓe tamkar ba ya cikin fuska. Alhali kuwa Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa bayan leɓɓa, watau abin da ke bayyana idan mutum ya rufe bakinsa, cikin wuraren da ake wankewa tare da fuska. Kuma sharaɗi ne na alwala da wankan janaba kada a sami abin da zai shiga tsakanin ruwa da fata. Malaman Malikiyya sun buga misali da kaki da man da ya daskare ya yi jiki.

Awon abin mai sauƙi ne. Idan mutum ya kai farce ya kankaro wani abu daga leɓen, to, shamaki ne, sai ya goge shi da tsumma ko da yatsa kafin ya wanke fuska. Idan kuwa man ya riga ya shige fata, santsi kaɗai ya rage, ba ya cutar da alwala. A lokacin sanyi ne man ya fi daskarewa, a lokacin ne kuma mutum ya fi gaggawar tsame hannunsa daga ruwa, musamman a sallar Asuba. Wanda ya bar lam'a a fuskarsa alwalarsa ba ta cika ba, salla kuwa ba ta inganta sai da tsarki. Mafita ita ce a goge, a yi alwala tare da cuɗawa, sa'an nan a sake shafawa, domin shafa mai ba ya warware alwala.

NA BIYU: AZUMI

Wannan mas'ala ta matso kusa. Watan Ramalana yana jawowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Dattawa za su tuna azumin 1997 da ya faɗo a Janairu, da na 2000 da ya kama a ƙarshen Nuwamba. Bisa ga lissafi, zagayen ya sake dawowa, har a shekarar 2030 ana sa ran azumi zai kama a farkon Janairu, wani kuma a ƙarshen Disamba. Ke nan shekaru masu yawa za a yi ana azumi cikin hazo da busasshen leɓe.

Shafa mai a leɓe ba ya karya azumi, haka ma jin ƙamshinsa. Abin da ke karyawa shi ne wani abu daga cikinsa ya narke a miyau ya wuce maƙogwaro. Wanda hakan ta same shi ba da nufi ba a azumin farilla, sai ya rama wannan yini. Wanda kuwa ya lasa ya haɗiye da gangan, ya jefa kansa cikin babin ramuwa da kaffara. Haɗarin mai ƙamshin shi ne galibi yana zuwa da zaƙi, zaƙin kuwa yana kiran harshe ba tare da mutum ya ankara ba. Malamai sun karhanta wa mai azumi ko ɗanɗana gishirin miya ba da larura ba, balle abin da zai yini a bakinsa. Mafi tsira, a ajiye mai ɗanɗano sai bayan buɗa baki, a sha ruwa sosai da dare, da rana kuma in larura ta kama a shafa man kaɗe ko basilin kaɗan a gefen waje. Wanda kuma ke neman ƙamshin don ya ɓoye warin bakin azumi, ya tuna hadisin Buhari da Muslimu ya nuna wannan wari ya fi almiski daraja a wurin Allah.

NA UKU: HARAMA

Maniyyaci ya sani, da zarar ya ɗaura harama, turare ya haramta a gare shi, a jiki ko a tufa, namiji ne ko mace. Iskar ƙasar Hijaz busasshiya ce, alhazai da yawa leɓensu kan tsage, sai hannu ya kai ga abin da aka saba. Wanda ya yi amfani da turare yana cikin harama fidiya ta hau kansa: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. Don haka mai ƙamshin ya zauna a jaka sai an sauke harama. Maras ƙamshi saboda ciwo yana da sauƙi, amma akwai tafsili a cikinsa, sai a tambayi malamin da ke tare da ayari.

NA HUƊU: TAKABA DA FITAR MATA

Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata 4 da kwana 10, ko har ta haihu in tana da ciki, tana nisantar ado da turare. Wasu kan tsananta har su hana ta shafa kowane mai, a bar baiwar Allah da fata tana fashewa, ga baƙin cikin rashi. Wannan ba daga Shari'a yake ba. Imamu Maliku a cikin Muwaɗɗa ya halatta mata shafa man zaitun da makamantansa matuƙar babu turare a ciki. Man kaɗe tsantsa na cikin makamantan nan, mai ƙamshi da mai launi su ne za ta bari.

Sauran mata kuwa, a cikin gidajensu da gaban mazajensu babu laifi, ado ne da ake samun lada a kansa. Amma Annabi ya hori matar da za ta masallaci kada ta taɓa turare, kasuwa kuwa ta fi cancantar wannan hani. Idan ƙamshin ya kai wanda ke wucewa ya ji shi, ko launinsa ya zama kwalliya, sai a musanya shi da maras ƙamshi yayin fita.

Har wa yau, Shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani. Likitocin fata sun yi gargaɗi cewa turare da kafur da sinadarin na'ana'a suna iya ƙara wa tsagaggen leɓe zafi. Wanda ya gwada ya ji raɗaɗi ko ƙaiƙayi, ya daina. Kada kuma a yi karo-karon bututu ɗaya, domin ƙurajen bakin nan da kan fito bayan zazzaɓi suna yaɗuwa ta haka.

KAMMALAWA

A cikin Suratul Baladi, Allah Ya ambaci leɓɓa biyu tare da idanu da harshe cikin ni'imomin da Ya yi wa mutum, masu tafsiri kuma suka bayyana cewa su ne marufin da ɗan Adam ke tsare harshensa da shi. Sahalu ɗan Sa'adu ya ruwaito cewa Annabi ya lamunce Aljanna ga wanda ya lamunce masa tsare bakinsa da farjinsa. Wanda ya damu da tsagewar leɓensa har ya fid da kuɗi ya sayi magani ya kyauta, amma ya binciki abin da ke fita daga tsakaninsu: gulma a bakin kwata, rantsuwar ƙarya a kan kwandon kifi, tauye gaskiya wurin cinikin albasa. Tsagewar hunturu tana warkewa da shigowar bazara, wannan kuwa ba ta da magani sai tuba da mayar da hakki ga masu shi.

Allah Ya karɓi ibadun bayinsa, Ya tsare bakunansu daga abin da ba Ya so. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu.