Awon Gona da Wajibcin Sanin Ma'auni

A ƙasar noma da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa wajen Bichi da Dambatta, gona tana manne da gona ne, ba a barin saura ta huta, kuma taki da kulawar manomi su ne suke riƙe da ƙarfin ƙasa shekara da shekaru, kamar yadda Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka bayyana a binciken da Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1965. Duk sa'ad da magidanci ya rasu, gonar da ba ta da faɗi tun farko sai a sake tsaga ta, kuma abin da ke raba rabon wani da na ɗan'uwansa bai wuce jerin lalle ko gamba ko aguwa ba, wani lokaci ma kunya guda ce. Suratun Nisa'i ta yanke kason magada, tumuni ga matar da mijinta ya bar 'ya'ya, sudusi ga uwa a irin wannan hali, amma fitar da tumunin gonar da gefenta ɗaya ya karkace ya bi burtali aiki ne na awo, kuma hadisi ya tsananta a kan mai cin ko taƙi ɗaya na ƙasar wani da mai gusar da alamar iyaka. Saboda haka tambayar wane ne ke awo, da me yake awo, ba ta taɓa zama ƙarama ba a wannan yanki, tun zamanin malaman taki waɗanda suka riƙa auna gonaki da sawu domin haraji a farkon mulkin Turawa.

Ma'aunin da zamani ya kawo shi ne tarin ɗigo, wato miliyoyin ɗigogi waɗanda kowannensu ke ɗauke da lambobi uku masu nuna matsayinsa a tsawo da faɗi da tudu, ana samun su ta hanyar harba hasken leza a lissafa lokacin dawowarsa, ko ta haɗa hotuna masu yawa da jirgi marar matuƙi ya ɗauka daga kusurwoyi daban-daban. Ɗigogin su kaɗai ba su cewa komai sai an tace su, an daidaita su, an ware ƙasa daga abin da ya tsiro a kanta, kuma ɗaya daga cikin sanannun taskokin manhaja da ke wannan aiki ita ce Point Cloud Library, ko PCL a taƙaice, wadda Radu Rusu da abokan aikinsa suka fara a kamfanin Willow Garage na Amurka, aka fitar da ita a 2011. An rubuta ta da harshen C++, kuma lasisinta ya ba kowa damar karanta rubutun tushenta, ya gyara, ya rarraba.

Rubutun tushe kuwa ba ya aiki sai an harhaɗa shi, ma'ana wata manhaja ta juya abin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar na'ura ke fahimta. A babbar kwamfuta wannan ba wani abu ba ne, amma a kan Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan da dukkan kayanta ke kan falle guda mai girman katin banki, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012 a kan dala 35, lamarin yana neman haƙuri. PCL ta dogara da wasu taskoki irin su Boost da Eigen da FLANN, kuma an tsara ta yadda ake maimaita harhaɗa lissafi guda domin nau'o'in ɗigo masu yawa, har fayil ɗaya yakan cika ma'adanar aiki, wadda gigabayit ɗaya ce kacal a samfurin 2016. Ma'adanar aiki kamar masussuka take, ita kuwa ma'adanar ajiya kamar rumbu, idan masussuka ta yi kaɗan dole a riƙa kai dami rumbu ana ɗaukowa, abin da masu sana'ar ke yi ke nan idan suka ware wani sashe na katin memori ya zama ƙari, duk da cewa yana jawo nawa kuma yana gajiyar da katin. Sukan kuma hana na'urar yin ayyuka huɗu a lokaci guda, su cire sassan da ba su bukata, su bar ta tana aiki sa'o'i masu yawa, har takan cinye dare.

A nan ne mai hankali zai tambaya, kuma yana da gaskiya, me ya kawo wannan wahala alhali akwai PCL harhaɗaɗɗiya da ake saukewa cikin mintuna. Wahala a kan kanta ba ibada ba ce, kuma malaman usulu sun halatta wa wanda bai kai matsayin bincike ba ya yi taƙlidi, wato ya bi masani ba tare da ya san hujjarsa ba, domin in ba haka ba rayuwa ba za ta yiwu ba. Manomin Makoɗa ba a ɗora masa sanin cikin na'ura ba, kamar yadda ba a ɗora masa haddace babin gado na Risala ba. Sai dai halaccin taƙlidi ga mutum ɗaya yana rataye ne da samuwar masani a cikin jama'a, kuma wannan shi ne abin da ake kira farali na kifaya, wajibin da idan wasu suka ɗauke shi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kuma kowa ya yi laifi. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci da lissafi a wannan aji a cikin littafinsa Ihya'u, ya kuma ambaci rabon gado da wasiyya a matsayin dalilin bukatar lissafi. Tun kafinsa ma al-Khawarizmi ya ba matsalolin wasiyya da awon fili babban kaso na littafinsa na aljabara.

Abin da ya sa hukuncin ya shafi wannan ma'auni musamman shi ne cewa taswirar da ke fitowa daga tarin ɗigo shaida ce, kuma a mazhabar Malikiyya alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai san adalcinsa ba sai an yi masa tazkiyya, wato amintattu sun tabbatar da halinsa. Mutane sukan ɗauka na'ura ba ta son kai, amma tsakanin ɗigon da aka ɗauko da layin da aka zana akwai zaɓin ɗan'adam a kowane mataki. Akwai tacewar da ke narkar da ɗigogin da suka faɗa cikin ƙaramin akwati guda su koma ɗigo ɗaya, kuma mutum ne ke yanke girman akwatin. Akwai dabarar RANSAC, wadda Fischler da Bolles suka wallafa a 1981, mai neman shimfiɗar da mafi yawan ɗigogi suka yarda da ita ta ware saura, kuma mutum ne ke yanke tazarar da za a yafe. Wanda ya saba da aikin titi ko gini zai saita na'urar ta share duk tsiro domin ta fito da ƙasa tsirara, alhali a gonakin Kano tsiron nan shi ne iyakar, kuma jerin gamba da kaka ya dasa zai iya ɓacewa daga taswira ba tare da kowa ya yi nufin zalunci ba. Gwauruwar da aka rage wa kunya biyu ta wannan hanya ba ta da bakin musu, sai idan akwai wanda zai iya buɗe lissafin ya nuna inda aka yi kuskure.

Ba za a ce wanda ya harhaɗa taska ya fahimce ta ba, domin mutum yana iya kwafar umarni ya jira har aiki ya ƙare bai karanta layi ɗaya ba. Haka kuma bincike ba ya kawar da amana gaba ɗaya, kamar yadda Ken Thompson ya nuna a laccarsa da aka buga a 1984, cewa manhajar harhaɗawa ita kanta tana iya ɓoye mugun abu wanda karanta rubutun tushe ba zai tona ba. Duk da haka harhaɗawa ita ce ƙofa, musamman a ƙaramar na'ura, inda ƙuncin ma'adana ke tilasta wa ɗalibi ya san aikin kowane sashe kafin ya yanke shawarar barinsa ko cire shi, kuma wanda bai iya sake gina manhaja ba ba shi da ikon gyara lissafinta ya dace da lalle da gawo da ɗorawa.

Ƙanƙantar na'urar ma tana da matsayi a cikin hukuncin, domin kifaya ba ta sauka da masanin da jama'a ba za su iya kaiwa gare shi ba. Raspberry Pi tana aiki da wutar da ƙaramin farantin sola da batir za su iya bayarwa, ba ta bukatar intanet da zarar an gama harhaɗawa, saboda haka bayanan gonakin mutane suna iya zama a hannun waɗanda abin ya shafa, ko da yake babban tarin ɗigo sai an rage shi kafin ta iya ɗauka. Makarantu irin su Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi suna cikin yankin, kuma a kansu da Jami'ar Bayero nauyin horar da irin waɗannan masana ya fi sauka. Wanda aka horar kuwa wajibi ne ya rubuta samfurin manhajar da ya yi aiki da shi da duk lambobin da ya saita, ya ajiye ɗigogin asali ba tare da tacewa ba, domin wani ya iya maimaita awon a gaban dagaci da magada idan gardama ta taso.