Maƙala Kan Zagayen Tantancewa a Gasar Zamiyar Ƙanƙara

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya lulluɓe duwatsun wasu ƙasashe da dusar ƙanƙara, Ya hore wa mutanensu hikimar tafiya a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai mai karatu, akwai wasan da mutum yake ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo guda ya gangaro dutse yana zamiya. An shigar da shi gasar Olympics ta hunturu a Nagano ta ƙasar Japan a 1998. A ƙa'ida ba wanda yake isa wasan ƙarshe sai ya ratsa zagayen tantancewa, kuma a tsarin wannan zagaye akwai abin lura ga mai hankali.

Ɗauki ɓangaren da ake yi cikin kwari mai siffar rabin bututu, wanda bangonsa ya kusa mita 7. Ɗan wasa yana haurawa wannan bango, ya tashi sama ya juya, ya dira ya nufi wancan. A tantancewar gasar Bejin ta 2022 an ba kowa dama biyu, aka riƙe wadda ta fi kyau. Alƙalai shida ne suke ba da maki cikin 100, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, don kada son rai ko ƙiyayyar mutum ɗaya ta yanke hukunci. Goma sha biyu na sama su ne suke wucewa. Shaun White na Amurka ya faɗi a damarsa ta farko a can, ta biyun ce ta cece shi. Hukuncin da yake duba mafi kyawun aikin mutum ya kau da kai daga tuntuɓensa, wallahi zuciyar mumini tana jin daɗinsa, domin irinsa muke fata daga Ubangijinmu.

Sai dai ranar wasan ƙarshe ana share makin tantancewa gaba ɗaya, kowa ya fara daga sifili. Abin da na ɗaya yake samu kawai shi ne a bar shi ya sauko a ƙarshe, bayan ya ga abin da kowa ya yi. Kada ka raina wannan. A Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018, White ya zo na ɗaya a tantancewa da maki 98.50, amma ko ɗigo bai bi shi ba. A wasan ƙarshe ya tsaya a bakin kwari shi kaɗai ya rage, Ayumu Hirano na Japan yana gaba da 95.25. Da yake ya san abin da ake bukata, sai ya tashi ya juya sau huɗu a sama, ya dira, ya maimaita a ɗaya bangon, ya sami 97.75. Bayan shekara huɗu Hirano ne ya yi na ɗaya a tantancewa, ya sauko a ƙarshe, ya ci da 96. A ganina adalci ne: ƙoƙarin jiya ya buɗe ƙofa, bai ɗauke aikin yau ba.

A ɓangaren tsere agogo ne alƙali. Kowa ya gangaro shi kaɗai a auna lokacinsa, a jera su rukuni-rukuni su yi tsere tare, waɗanda suka riga isa su wuce.

Duk wannan tsari na ɗan Adam ne, iska kuwa ba ta hannunsa. A Pyeongchang ɗin dai iska ta hana tantancewar mata a ɓangaren tsallake-tsallake, aka tura su duka wasan ƙarshe da dama biyu maimakon uku. Iskar ba ta lafa ba. Aka yi ta faɗuwa, har gwanayen cikinsu. Jamie Anderson ta Amurka ta ci, da yawa kuma suka koka cewa bai kamata a yi wasan a ranar ba.