Ladabin Baƙo A Garin Da Ƙasa Ta Girgiza

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, kuma shi ne yake riƙe da ita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, mu mutanen Adar matafiya ne. Da wuya ka shiga gida a Tamaske ko Keita ko Buza ka rasa wanda ya taɓa zuwa cin rani Abijan ko Legas ko Libiya. Akwai kuma masu zuwa Maroko, wasu don karatu, wasu don fatauci, wasu don ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Daga cikinsu akan sami masu zarcewa Marrakush, domin a can aka rufe Alƙali Iyadu mai Ashafa da Shehu Jazuli mai Dala'ilul Hairati, littattafai biyu da muka tashi muka tarar ana karantawa a zaurukanmu. To, wannan gari ne masifa ta taɓa, kuma abin tambayarmu shi ne: baƙon da ya sauka a cikinsa bayan abin ya auku, da wane ido ya kamata ya dube shi?

Ranar Jumma'a 8 ga Satumba 2023, da misalin ƙarfe 11 na dare, ƙasa ta girgiza a duwatsun Atlas, kimanin kilomita 70 kudu maso yammacin Marrakush. Ƙarfin girgizar ya kai 6.8 a ma'aunin masana. Kusan mutum 3,000 suka rasu, gidaje wajen 60,000 suka rushe ko suka tsage.

Mu ɗauki ɗan'uwanmu da ya isa garin 'yan watanni bayan haka. Da safe zai fara da masallacin Kutubiyya, ya ga hasumiyarsa mai shekara sama da 800 tana tsaye, duk da tsagewar da ta samu. Tafiya kaɗan ce daga nan zuwa babban dandalin Jami'ul Fana, inda jama'a suka kwana a fili daren girgizar don tsoron komawa ɗaki. A gefen dandalin zai ga ƙaramin masallacin Harbush, wanda hasumiyarsa ta zube. Amma a tsakiyar filin masu wasa da macizai da birai sun dawo, makaɗa sun dawo, Turawa 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Idan ya kutsa lungunan tsohon gari, musamman unguwar Mallah inda Yahudawa suka zauna a da, zai iske an tokare bango da katako, nan tarin ƙasa, can magina suna kwaɓa.

A nan ne zuciya take saurin yanke hukunci. Sau da yawa mun ji ana cewa a majalisa, ai garin shashanci ne, ga kiɗa ga giya a otal-otal, shi ya sa Allah ya kama su. Mai wannan magana yana jin ya yi wa'azi. Mu dai muna ganin ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma buraguzan da kansu za su ƙaryata shi in ya tsaya ya duba. Manyan otal-otal na siminti da ƙarfe ba su faɗi ba. Waɗanda suka mutu a cikin birnin 'yan kaɗan ne. Gawawwakin dubbai a ƙauyukan dutse aka tono su, a lardunan Hauz da Tarudant, wuraren Amizmiz da Asni da Talat Niyakub, inda talakawa manoma da makiyaya suke zaune, masu harshen da yake ɗan'uwan na Buzayen da muke cin kasuwa da su. Masallacin Tinmel, wanda sarakunan Muwahhiduna suka gina a tsakiyar ƙarni na 12, ana dab da kammala gyaransa, shi ma mafi yawansa ya zube. Idan faɗuwar bango ita ce shaidar zunubi, to sai mu ce masallaci ya fi otal laifi. Wa'iyazu billahi, babu mai hankalin da zai faɗi haka.

Abin da ya raba wanda gininsa ya tsaya da wanda nasa ya faɗi sananne ne, kuma sanin sababi ba ya kore ƙaddara. Masana sun ce faifan ƙasar da Afirka take kai yana tura na Turai sannu a hankali, 'yan milimita a shekara, nauyin yana taruwa a ƙarƙashin duwatsu har wata rana dutse ya goce. Ginin laka da dutse kuwa yana ɗaukar nauyin da ya danno daga sama, amma ba ya jure jijjigar da ta zo ta gefe. Bango ya buɗe, azara ta zame, rufin ƙasa mai nauyi ya sauko kan masu barci. Wannan gini kuwa namu ne. Da shi iyayenmu suka yi soraye, a cikinsa da yawanmu suke kwana. Mu ruwan sama ne yake yi mana abin da girgiza ta yi musu, kuma ba mu manta ba cewa a farkon Satumba 2024 mamakon ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Da wani baƙo ya zo washegari ya tsaya a kan ƙasar yana lissafa laifuffukan Damagarawa, da wane suna za mu kira shi?

Za a ce mana: ashe Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, bai hana sahabbai shiga gidajen Samudawa a Hijir ba sai suna masu kuka, lokacin tafiya Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira? Haka ne, kuma ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Sai dai wahayi ne ya bayyana laifin Samudawa da hukuncinsu. Mu ba a saukar mana da kome ba game da mutanen Amizmiz. Abin da ya zo mana ingantacce, a Buhari da Muslim, shi ne cewa wanda gini ya faɗa wa yana cikin waɗanda aka ƙirga shahidai, tare da wanda ruwa ya ci da wanda annoba ta kashe. An kuma ruwaito cewa ƙasa ta motsa a Madina zamanin Sayyidina Umar, ya tashi ya yi wa jama'a faɗa mai zafi. Lalle girgiza abin tsoratarwa ce, ba mu musun wannan. Amma Umar mutanensa ya yi wa faɗa, a garin da shi kansa yake kwana, ƙasar da ta motsa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Bai ɗaure kaya ya tafi garin wasu ya nuna su da yatsa ba.

Akwai wani kuskure na biyu, wanda ya fi na farko laushi, shi ya sa ba a cika lura da shi ba. Baƙo ya ga kasuwa ta cika, ya sha shayi mai na'ana'a, ya buga waya gida ya ce ai kome ya wuce. Birni yakan yi saurin wanke fuskarsa saboda da baƙi yake ci. Wata ɗaya kawai bayan girgizar, a Oktoba 2023, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka yi babban taronsu na shekara a Marrakush. Hukuma ta yi alkawarin dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe ƙurmus, wato sama da miliyan 8 na sefa, da 80,000 ga wanda nasa ya tsage. Duk da haka shekara ta zagayo, a 2024, akwai iyalai a kan duwatsu da suke cikin tantin leda, bayan sun ci sanyin hunturu mai ƙanƙara a ciki. Yaron da ya kawo wa baƙo shayi, mai yiwuwa daga can ya sauko, kuma a albashinsa mutum goma suke rataye.

Saboda haka muke ganin baƙo ya shiga irin wannan gari kamar yadda muke shiga gidan rasuwa bayan sadakar bakwai. Mutanen gidan sun koma aiki, har ana dariya a tsakar gida, amma mai zuwa ba ya tambayar yadda mamaci ya yi kakari, ba ya kuma leƙa ɗaki. Ya yi sallama, ya yi ta'aziyya in an buɗe masa zancen, in ba a buɗe ba ya kame bakinsa. Kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton gidan da bangonsa ya yaye, ana hangen gadon mutane da ƙoransu, domin girgiza ta cire bango ne, ba ta cire hurumin gida ba. Zuwansa ba laifi ba ne, hasali ma masu shago da masu keken doki suna bukatarsa. Sai dai in ya zo ciniki, kada ya ga mutum cikin matsi ya karya masa kaya da rabin kuɗi, ko da taya ya halatta.

Idan ya gama ziyarar Alƙali Iyadu a kusa da ƙofar Ailan, ya yi wa malamin addu'a, ya haɗa da waɗanda aka binne a jere a ƙauyukan da bai san sunansu ba. Kafin magariba, in sama ta washe, ya hau soron masaukinsa ya fuskanci kudu, zai hango duwatsun. Hanyar da ta bi ta Asni zuwa Tinmel wajen kilomita 100 ce, kuma akwai motocin haya masu zuwa can.