Yaron da Rana Ke Ci: Laifin Wa?

A Tunisiya da Maroko akwai yaran da ake kira 'ya'yan wata, domin ba sa fita sai bayan magariba. In dole ta sa su fita da hantsi, sai an sa musu riga mai dogon hannu da safar hannu da hula mai rufe kai har kafaɗa, gabanta roba mai tace haske. Tagogin ɗakinsu ma an liƙa musu irin wannan robar. Likitoci na kiran ciwon xeroderma pigmentosum, kuma Moritz Kaposi, likitan fata a ƙasar Ostiriya, ya bayyana shi tun 1874.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rana ba ta ware waɗannan yara ba. Kowa tana yi masa ɓarna. A cikin haskenta akwai wanda ido ba ya gani, yana ratsa fata ya lalata DNA, wato rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halittar jiki. Manomin da ya yini a gona ya sha wannan ɓarna, sai dai a jikinsa akwai ma'aikata da ke bin rubutun suna yanke wurin da ya lalace suna mayar da sabo, kamar yadda ake yi wa katangar ƙasa yaɓe bayan damina ta ci ta. A 1968 James Cleaver ya nuna cewa wannan gyaran ne ba ya aiki a jikin masu ciwon. Ɓarna sai ta yi ta taruwa: ɗigo-ɗigo a fuska tun kafin shekara 2, ido na ruwa yana gudun haske, sannan kansar fata, sau da yawa kafin shekara 10. Aziz Sancar, Baturke daga yankin Mardin, yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel a 2015 saboda bayanin yadda jiki ke wannan gyara. Ashe duk fitar da na yi da rana na dawo lafiya, wani aiki aka yi mini ban sani ba, balle in gode.

To, yaron da aka hana wannan ni'ima, me ya yi? Mun iya amsa irin wannan tambaya da mugun baki. A ce alhakin wani ne ke bin gidan, ko asiri aka yi, ko daga dangin uwa abin ya fito. Na ƙarshen nan ya fi ƙona mini rai, domin ƙarya ce tsagwaronta. Ciwon ba ya fitowa sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwaya daga uwa da kuma uba, alhali su biyun garau suke. A kowane cikin irin waɗannan iyaye, yiwuwar yaron ya zo da ciwon ɗaya ce cikin huɗu, lissafin da muka sani a sikila. Shi ya sa ya fi yawa inda auren zumunci ya yawaita. Wanda ya ɗauki abin da bai sani ba, ya miƙa shi bai sani ba, ban ga zunubi a kansa ba. Jarrabawa ce, kuma jarrabawa ba shaidar fushin Allah ba ce.

Amma ban yarda a yi amfani da ƙaddara a rufe bakin mai tambaya ba. Sayyidina Umar yana hanyar Sham aka ba shi labarin annoba, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. A fahimtata, gidan da aka taɓa haifar mai irin wannan ciwo, sani ya riga ya shigo musu, kuma sani amana ne. Auren ɗan baffa halal ne, ba wanda ya isa ya haramta shi. Sai dai ɓoye wa masu neman aure abin da ke cikin jinin gida don gudun surutu, wannan kam zaɓin mutum ne, ba za a jingina shi ga Allah ba.

Yaron da ya riga ya zo kuwa, ba ya bukatar a yi ta muhawara a kansa. Likitoci sun ga cewa wanda aka kare daga rana tun yana jariri, kansar takan yi jinkiri ƙwarai. Hula yake bukata, da man kariya, da likitan da zai riƙa duba fatarsa da idonsa, da malamin da zai yarda ya zaunar da shi nesa da taga.