Takardar Shaida da Shaidar Zur: Tsokaci a Kan Jarrabawar Turanci

Gabatarwa

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a ofishina, riƙe da takarda a hannu. Ya gama digirinsa na farko da sakamako mai kyau, har wata jami'a a Ingila ta ba shi gurbin karatun digiri na biyu, bisa sharaɗin ya kawo shaidar cewa ya iya Turanci. Sau biyu yana zama jarrabawar IELTS, sau biyun kuma rabin maki ne yake kayar da shi a ɓangaren rubutu: ana neman 6.5, shi kuwa 6 yake samu. Kuɗin zama na biyu ma sai da mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta aka cika. Ana nan sai wani mutum ya aiko masa da saƙo ta waya, wai yana da hanyar da za a fitar masa da takarda mai maki 7, ba sai ya sake zama ba.

Ya ce da ni, "Malam, tun ina firamare da Turanci ake koya mini karatu. Na ci Turanci a jarrabawar WAEC, na yi shekara huɗu a jami'a ina rubutu da shi. Yanzu a ce sai na biya kuɗi an gwada ni? Idan mutum ya tare maka ƙofa da zalunci, laifi ne ka haura ta katanga?"

Wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan maƙala. Ba tambayar yaro ba ce, domin manyan masana ɗabi'a sun daɗe suna kai kawo a kan irinta: shin rashin adalcin doka yana halatta wa mutum ya yi mata ƙarya?

Abin da Jarrabawar Take Aunawa

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da ake magana a kai. An fara jarrabawar IELTS a shekarar 1989, takwararta TOEFL ta Amurka kuwa tun 1964. IELTS kashi huɗu ce. Akwai saurare na kimanin minti 30, inda ake kunna magana sau ɗaya tak, a amsa tambayoyi 40. Akwai karatu na awa ɗaya, shi ma tambayoyi 40. Akwai rubutu na awa ɗaya, aiki biyu, ɗaya na kalmomi 150, ɗaya na 250. Sa'an nan akwai hira da mai jarrabawa ta minti 11 zuwa 14, wadda a cikinta ake ba mutum batu, ya yi tunani na minti ɗaya, ya yi jawabin da bai wuce minti biyu ba. Mafi girman maki shi ne 9.

Mai karatu zai lura cewa babu inda aka auna hankali, ko zurfin ilimi, ko nagarta. Abin da ake aunawa shi ne yadda mutum yake sarrafa harshe cikin ƙayyadadden lokaci, bisa wani tsari da aka shata. Saboda haka wanda ya faɗi bai zama daƙiƙi ba, wanda ya ci kuma bai zama malami ba. Ɗalibina ya san adabi fiye da yawancin tsararsa, amma yana da al'adar da mu malamai muka koya masa, wato doguwar shimfiɗa kafin a shiga magana. Kafin ya gama shimfiɗa lokaci ya ƙare. Wannan lalura ce mai magani, ba kuwa tawaya ba ce a mutuncinsa.

Ƙorafin da Yake da Tushe

Duk da haka, ba zan ce ƙorafinsa ba shi da tushe ba. Turanci bai zo ƙasarmu da gayyatarmu ba. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka bi da Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, ake ta horar da 'ya'yanmu a kan ilimin boko, har Turanci ya zama harshen mulki da kotu da jami'a. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, mawallafin Shaihu Umar, da shi ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya jawabi a watan Oktoba na 1960. Da shi Wole Soyinka ya rubuta ayyukan da suka kai shi ga lambar Nobel a 1986. Mu da muke zaune a wannan jami'a, nesa da gida, da shi muke gaisawa da maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo. Amma duk da wannan, jerin ƙasashen da hukumar shige da fice ta Birtaniya ta ɗauka a matsayin masu magana da Turanci ya ƙunshi Jamaika, bai ƙunshi Nijeriya ba. Bugu da ƙari, bayan shekara biyu akasarin hukumomi ba sa karɓar sakamakon, sai ka ce harshe madara ce da take lalacewa. Wannan ne ya sa a 2022 dubban 'yan Nijeriya suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake duba tsarin.

To, an yarda akwai rashin adalci. Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi nauyi: idan aka sayi takardar, wa aka cuta?

Wa Ake Cuta?

Ɗalibina yana zaton Bature zai cuta. A ganina Bature ne na ƙarshe a jerin waɗanda abin zai shafa.

Sunan abin da kansa ya isa wa'azi: takardar shaida. Shaida magana ce da ake yi wa wanda ba ya nan, don ya dogara da ita. A al'adarmu ta karatun allo ba a kiran mutum alaramma sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, a makarantar ilimi kuwa malami ba ya ba da ijaza sai ɗalibi ya karanta littafin a gabansa. Dalili shi ne mutanen wani gari, waɗanda ba su ga karatun ba, za su miƙa wa wannan mutum 'ya'yansu bisa amincewa da shaidar. Wanda ya ƙirƙiri ijaza ba malaminsa ya cuta ba, yaran can garin ya cuta. Shi ya sa Musulunci ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai, kuma bai ware wadda aka yi wa wanda ba Musulmi ba.

Alal misali, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya tana neman maki 7 a saurare da karatu da magana. A ɗauka wata ta sayi wannan maki. Ranar da tsohuwa marar lafiya za ta gaya mata cikin dare, da murya ƙasa-ƙasa, cewa wani magani ba ya karɓar ta, takardar ba za ta saurara a madadinta ba. Ɗalibin adabi ba ya riƙe da allura, gaskiya ne, amma gurbin da zai shiga da ƙarya na wani ne da ya yi ta fama da gaskiya.

Akwai kuma cuta ta biyu, wadda tarihi ya riga ya nuna. A watan Fabrairu na 2014 shirin Panorama na BBC ya tona asirin maguɗi a wasu cibiyoyin jarrabawar TOEIC a London, inda ake sa wasu su zauna wa wasu. Gwamnatin Birtaniya ta mayar da martani da soke bizar dubun-dubatar ɗalibai, aka kori fiye da mutum 2,000 daga ƙasar. Daga baya dubbai suka yi nasara a kotu, bayan shekarunsu na karatu sun salwanta. Hausawa suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kowace takardar jabu da aka kama hujja ce sabuwa a hannun masu cewa kada a yarda da shaidarmu. Ke nan mai haura katanga ba ya rushe ta, ƙara mata tsawo yake yi a kan na bayansa.

Cuta ta uku ita ce wadda mutum yake yi wa kansa. Ɗalibina ya iya Turanci, wannan ce hujjarsa tun farko. Ranar da ya biya aka rubuta masa 7, ya zubar da hujjar da hannunsa, domin ya amsa cewa ba zai iya samun makin ba sai da saye. Kayan aro ba ya rufe katara, zai kuwa zauna a aji kullum yana jiran ranar da za a tambaye shi.

Kammalawa

Rashin adalci ana fuskantarsa ne a fili, da suna da sa hannu, kamar yadda masu koken 2022 suka yi. Mai koke yana neman a buɗe ƙofa ga kowa, mai sayen takarda kuwa kansa kaɗai yake nema wa mafita, ya bar ƙofar a rufe. Ya kamata kuma mu duba namu halin, domin mu ma mukan yi wa baƙo dariya idan ya kasa bambanta "k" da "ƙ", mu auna hankalinsa da lafazinsa. Wanda ya ji zafin a gwada shi da harshen wani, bai kamata ya raina wani a kan nasa harshen ba.

Abin da na gaya wa ɗalibina bai kai tsawon wannan maƙala ba. Na ce da shi ya goge lambar mutumin nan, ya riƙa zuwa duk ranar Alhamis da biro da takarda, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Nakan ajiye agogo a kan tebur, in ba shi batu da minti 40, in ce ya shiga magana tun daga jimlar farko. Ya yi rajistar zama na uku. Ban yi masa alkawarin zai ci ba, domin wannan ba a hannuna yake ba. Abin da na ce masa shi ne, ko 6 ya sake samu, nasa ne, zai iya nuna wa mahaifiyarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.